Rabon Makaranta a Zangon Iska

Lacca ga malaman makaranta da matasan Bonkuku, yankin Filinge



Duk mai salula a Bonkuku ya san wahalar neman rezo. Amma rezo ba ya tafiya sai a kan zangon rediyo, zangon nan kuwa dukiyar ƙasa ce mai iyaka, gwamnati ke raba ta da lasisi. Kamar burtali yake a Dallol Bosso: in aka bari masu hali suka nome shi, dabbar talaka ta rasa hanyar ruwa.

Ga misali daga waje: a 1963 hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta keɓe wa makarantu wani yanki na zangon megahaz 2,500 don koyarwa ta talabijin. Makarantu da yawa ba su da kuɗin kafa tasha, sai aka ba su izinin bayar da hayar abin da ya rage musu. Kamfanonin talabijin marar waya suka karɓa, da dama suka karye kafin 2000. Kamfanin Clearwire ya gaje su da intanet na WiMAX, shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba, Sprint ya haɗiye shi a 2013. A 2019 aka soke sharaɗin ilimi ɗungurungum, a 2022 aka yi gwanjon sauran zangon, T-Mobile ya kwashe mafi yawa.

Kamfanoni da dama sun mutu, zangon kuwa daraja ya ƙara. Haka aka gani a Najeriya: Starcomms da Multi-Links sun durƙushe, MTN kuma ya sayi Visafone a 2016, idonsa na kan zangon megahaz 800.

Nijar ba baƙuwa ba ce a fagen amfani da zangon iska don ilimi. Tun 1964 ta fara koyar da yaran firamare ta talabijin, tana cikin na farko a Afirka. A 1999 aka buɗe rediyon karkara mai aiki da hasken rana a Bankilare, nan jihar Tilaberi, daga baya irinta suka bazu a ƙasar. A ɓangaren kamfanoni kuwa, an haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecom a 2016, Orange ya sayar da harkarsa ya fice a 2019, Starlink ya shigo a 2025 da kayan da suka fi ƙarfin aljihun makarantar ƙauye.

Ɗan kasuwa riba yake bi, shi ya sa yake fara kafa eriya a Yamai kafin ya waiwayi Filinge. Don haka ya kamata a rubuta rabon ilimi a cikin lasisin kansa: duk kamfanin da hukumar sadarwar Nijar, ARCEP, ta ba zango ya haɗa makarantu da intanet, in kuma ya karye, sharaɗin ya bi zangon zuwa hannun wanda ya saya.

Malamai da iyayen yara, ku kai wannan buƙata a rubuce ga hukumomin Filinge, ku kuma nemi fili a rediyon karkara don darussan yara.