Masinjan da Ba Ya Gajiya: Lacca kan Faɗuwar Manhajar Kwamfuta



A ce an aiki masinja daga Talata Mafara ya ɗauko bayanin wata gona. Fayil ɗin Mafara ya ce a duba na Bakura, na Bakura ya ce a duba na Maradun, shi kuwa na Maradun ya ce a koma na Mafara. Masinja mai hankali, da ya ga ya dawo inda ya tashi, zai kai ƙara wurin akawu. Kwamfuta ba ta da wannan hankali sai wanda muka sa mata.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Duk sa'ad da manhaja ta bi wani bayani zuwa wani, takan ajiye alamar inda za ta komo a wani ɗan gurbi na ƙwaƙwalwarta. Idan bayanin yana nuni zuwa kansa, sai alamomi su yi ta taruwa, gurbin ya cika, manhajar ta faɗi. Aikin da ba a adana ba ya salwanta, albashi ne ko sakamakon jarrabawa.

Tun 1936 Alan Turing na Ingila ya tabbatar cewa babu wata dabara guda da za ta faɗa mana ko kowace manhaja za ta tsaya. Saboda haka magani yana hannun mai rubuta ta, kuma iri biyu ne. Na farko, manhaja ta riƙa rubuta duk inda ta taka, in ta sake isowa ta dakata. Na biyu, a yanka mata iyaka. Harshen Python yakan tsayar da aiki idan zurfin kira ya kai 1000, Linux kuwa ba ya bin alamar fayil fiye da sau 40. Madatsar Bakolori ma, da aka gama a 1978, an yi mata mafitar ruwa don ranar ambaliya.

Mu da za mu riƙe ofisoshi, namu ya fi sauƙi. Idan Excel ya gargaɗe mu cewa lissafi yana komawa kansa, kada mu kashe gargaɗin mu wuce. Mu bi layin mu gano inda ya zagayo, mu gyara kafin takarda ta bar teburinmu. Rigakafi ya fi magani.