Igiya ta ratsa garinmu, wa zai kula da ita?

Matasan Magaria da Dungas,

Kun san igiyar intanet da aka binne daga Damagaram, ta bi ta Magaria har iyakar Najeriya, da kuɗin Bankin Raya Ƙasashen Afirka. To, tambayata ɗaya ce: ranar da rezo ya ɗauke a asibiti ko a lakwal, wa za a kira? Sai mun jira wani ya taso daga Yamai?

Wallahi abin ba tsafi ba ne. Hoton da ka tura ta WhatsApp, yayyanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, kowane guntu ɗauke da adireshin inda za shi, wato lambar IP. Na'urar rauta kamar ɗan kamasho take a tasha: ta duba adireshi, ta nuna mota. DNS kuwa kamar jerin sunayen da ke wayarka ne: ka ba shi suna, ya ba ka lamba.

Ku samu kwamfuta biyu da waya ɗaya, ku ba kowace adireshi, ku gwada ping har su amsa wa juna. Daga nan ake farawa. Ƴan mata, har da ku nake.