Aikido: kokawar da ba a neman kayar da kowa

Jawabin da wani ɗan ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata, a unguwar Aziziyya, Jidda

 

An ba ni minti goma in yi bayanin abin da nake zuwa yi sau biyu a mako bayan sallar isha'i, wanda wasunku ke tsokanata da shi wai na koma ɗan dambe da furfura. Ba dambe ba ne. Sunansa aikido, daga Japan ya fito. Wanda ya kafa shi, Morihei Ueshiba, an haife shi a 1883, ya rasu a 1969. Ya koyi tsohuwar dabarar faɗa ta Daito-ryu a hannun Takeda Sokaku, daga baya ya sauya mata manufa. Sunan aikido ya zauna a 1942, kuma har gobe babbar makarantarsu tana Tokyo, jikansa Moriteru ke riƙe da ita tun 1999.

A damben gida ana naɗe hannu da zare, burin kowa ya kai abokin karawarsa ƙasa, wanda muke ce wa kisa. A kokawa ma sai an yi kaye. Shi aikido, a babban reshensa ko gasa ba a yi. Idan mutum ya kawo maka hari, sai ka kauce daga layinsa, ka bi ƙarfin da ya zo da shi, ka murɗe wuyan hannu ko gwiwar hannu har ya kwanta, ba tare da ka fasa masa baki ba.

A nan ne maganar ta shafe mu. Mu baƙi ne a ƙasar nan, ko da an haifi yaro a Jidda. Kowa ya san naushi ɗaya a bakin baƙala zai iya kai matashi hannun 'yan sanda, daga nan a shiga binciken igama, wani lokacin a ƙare a Shumaisi ana jiran jirgin tarhil. Mun sha haɗa kuɗi a wannan zaure saboda irin haka. Yaron da ya saba a cafke masa hannu sau ɗari a dare ɗaya bai fusata ba, ya saba numfasawa kafin ya motsa, da wuya zagin titi ya ɗauke masa hankali. Ni kaina shaida ne, matata tana ji, ta san yadda nake a da idan aka sha gabana da mota.

Abu na biyu na dattawa ne. Darasin farko a aikido shi ne koyon faɗuwa: ka sunkuyar da haɓa kada ƙeya ta bugu, ka mirgina a kan kafaɗa maimakon ka tokare da tafin hannu. Gidajenmu duk tayil ne, banɗaki kullum a jiƙe. Bara na zame a matakala, na tashi da ɗan kurji kawai. Ga kuma gumin da ake yi a ɗaki mai sanyi, a garin da zafi ke hana mutum tattaki, alhali kabsa da shayi mai sukari ba sa barinmu.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Yana da jinkiri. Wanda ke son ya iya faɗa cikin wata uku, ya nemi judo ko karate, waɗanda suka fi kafuwa a nan. Ai Tareg Hamedi ya ciyo wa Saudiyya azurfa a karate a Olamfik ɗin Tokyo. Sannan akwai batun sunkuyawa. Al'adar Japanawa ce a rusuna wa hoton Ueshiba da abokin horo. Ni ranar farko na shaida wa mai koyar da mu cewa goshina da bayana na Allah ne, zan dai ɗora hannu a ƙirji, ya ce ba komai. Duk wanda zai kai ɗansa ya fara daidaita wannan, ya kuma tambayi malaminsa.

'Ya'yanmu mata ma ba a rufe musu ƙofa ba, domin tun 2017 aka shigar da motsa jiki a makarantun mata na gwamnati, aka fara ba da lasisin wuraren horo na mata zalla.

Roƙona ga shugabanni: a ware wani abu daga asusu a biya wa yara biyar kuɗin wata uku, a fara da marayunmu. Ni na ɗauki nauyin kai su da dawo da su a motata. Mai sha'awa ya rubuta sunan ɗansa a wajen sakatare kafin a tashi.