AMSAR WASIƘUNKU: KAYAN TARIHI A CIKIN WAYA

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani malamin firamare a Zariya. Ya ce, wai shin gaskiya ne yanzu ɗalibi na iya ganin kayan tarihinmu da ke Turai ba tare da ya taka ƙafa can ba?

To Malam, ƙwarai kuwa. A 1897 sojojin Ingila suka afka wa birnin Benin, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa, aka warwatsa su a duniya. A 2022 sai aka buɗe wani rumbu a intanet, Digital Benin, wanda ya tattaro hotuna da bayanan kaya fiye da 5,000 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Da wayar hannu kaɗai sai ka nuna wa yara kowane ɗaya, da gidan da yake ajiye.

Amma fa gani in ba ci ba, kare kan kwana da yunwa. Hoto ba ya zama kaya. Babban amfanin rumbun shi ne, yau mai kaya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Jamus ma ta maido wasu a Disambar 2022.

Allah ya ba da ikon koyarwa, Malam. Mu kwana nan.