Masauki Mai Rahusa a Tsibirin Zanzibar



Yau hirar tamu ta tafiya ce. A ce kin shekara kina zubin adashe, maigida ya haɗa da nasa, za ku je hutu Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya wanda galibin mutanensa Musulmi ne. To Hajiya, kada kuɗin masauki ya cinye guzurin.

Na farko, ki duba lokaci. Daga Maris zuwa Mayu ake babbar damina a can, baƙi kan ragu, masu otal su sauke farashi. Amma Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba, ɗaki wuta yake yi.

Na biyu, wuri. Manyan otal na bakin teku a Nungwi tsada gare su. Ƙananan gidajen baƙi na ƙauyen Jambiani, ko na cikin tsohon birni Stone Town, sun fi sauƙi, musamman waɗanda ba sa kallon ruwa.

Na uku, tambaya. Kafin maigida ya tura ko sisi, ya ji: da karin kumallo? Harajin kwana na cikin farashin? Bayi na cikin ɗaki ne ko na tarayya? Wannan maganar suturarmu ce, ba a wasa da ita. In akwai kicin, ki sayi kifi a kasuwa ki yi girkinki, kin rage kashe kuɗi.

Kuma kada a biya wa baƙon ido duka kuɗin ta intanet, sai an ga ɗaki.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.