Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Ƙarfafa Tsoka Kafin Tiyatar Gwiwa ko Kwatangwalo

 Yau maganarmu a kan waɗanda likita ya ce musu sai an canza musu gwiwa ko kwatangwalo ce, da kuma 'yan uwan da ke jinyarsu.

Kun san yadda abin yake. Daga ranar da aka ce sai an yi aiki zuwa ranar da za a shiga ɗakin tiyata, akan ɗauki watanni. Ana haɗa kuɗi, ana jiran layi, wani ma sai ya shirya ƙetare iyaka zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wani Yamai, wani har Masar ko Indiya. To, a cikin watannin nan me majinyaci yake yi? Yawanci kwanciya. 'Ya'ya na cewa, "Baba, kar ka motsa, komai za mu kawo maka." Tausayi ne, amma tausayin nan yana iya jawo hasara.

Ga dalili. A yawancin manya, abin da ke kai ga wannan aiki shi ne zaizayewar guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙashi, har ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. A matasa masu sikila kuma, jini ne ke daina isa kan ƙashin cinya, sai wurin ya mutu ya lotsa. Likitan tiyata zai cire ɓangaren da ya lalace ya sa na ƙarfe da roba. Amma fa gaɓa kawai zai canza. Tsokar da za ta ɗaga ƙafar, ta riƙe mutum idan ya miƙe, wadda ya shiga da ita ce zai fito da ita.

Babbar mai wannan aiki ita ce tsokar gaban cinya, wadda ke miƙar da gwiwa. Idan gwiwa tana ciwo ko ta kumbura, jiki da kansa yana rage aiken saƙo zuwa wannan tsoka, sai ta yi ta ramewa. Shi ya sa za ku ga cinyar ƙafar mai ciwo ta fi ɗayar siranta. Kwanciya kuma tana ƙara ta'azzara abin: an gwada an ga dattijo mai lafiya ma, idan ya kwanta kwana 10 a jere, yakan rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Sannan ita kanta tiyatar tana da nata rabon, domin a watan farko bayan canjin gwiwa ƙarfin wannan tsoka kan ragu da fiye da rabi. Ku yi lissafi da kanku. Wanda ya shiga da ƙarfi, rabinsa zai iya tayar da shi daga kujera. Wanda ya shiga ba komai, me zai rage masa?

A nan ne likitan gashin ƙashi yake shigowa, wato fisiyo a bakin mutanen Najeriya da Gana, kine kuma a Nijar da Kamaru da Chadi. Mutane da yawa sun ɗauka sai bayan aiki ake zuwa wurinsa. A'a. Akan so a fara ganinsa kamar mako 4 zuwa 8 kafin ranar. Zai auna yadda gaɓar ke lanƙwasawa, ya duba tafiyar mutum, sannan ya tsara masa atisaye daidai ƙarfinsa.

Bari in kawo muku irin waɗanda aka fi bayarwa, kuma ba sa bukatar wata na'ura. Na farko, mutum ya kwanta rigingine, ya miƙe ƙafa, ya danna bayan gwiwa a kan shimfiɗa har ya ji cinyar ta ɗaure, ya riƙe daƙiƙa 5, ya saki, kamar sau 10. Na biyu, ya lanƙwasa ƙafa mai lafiya, ya ɗaga mai ciwon a miƙe kamar taƙi ɗaya daga shimfiɗa, ya sauke a hankali. Na uku, matse tsokar mazaunai, wadda ita ce ke hana mutum tangaɗi idan yana tafiya. Na huɗu, tashi da zama daga kujera mai hannu. Na biyar, kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa daga idon sawu. Wannan na ƙarshen kar a raina shi, shi ne ke taimaka wa jini gudana a sha-raɓa bayan aiki, don rage haɗarin daskarewarsa. Hannuwa ma suna da nasu atisayen, tunda su za su ɗauki nauyi a kan sandunan dogarawa. Kuma gara a koyi tafiya da sandunan tun yanzu, domin a asibitoci da yawa a ranar aikin ko washegari ake tayar da mutum ya taka.

Sai dai mu faɗi gaskiya yadda take. Wannan shiri ba ya mayar da guringuntsin da ya zaizaye, kuma ba ya maye gurbin atisayen bayan tiyata. Amfaninsa ya fi fitowa a makonnin farko, lokacin da mutum ke fafutukar tashi, da zuwa banɗaki da ƙafarsa. Ga mu mazauna bakin iyaka kuwa akwai ƙarin riba. Idan aka sallami majinyaci ya koma garinsu, mai yiwuwa likitan gashin ƙashi mafi kusa yana da nisan tafiyar yini. Wanda ya riga ya iya atisayen, shi da ɗansa ko 'yarsa da ke kula da shi, ba zai tsaya jiran kowa ba.

Akwai kuma abubuwan da ke tafiya tare da atisayen. Tsoka sai da abinci: wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa, awara. Mai ƙiba ya sani duk kilo 1 da ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Mai ciwon suga ya daidaita shi, mai shan taba ya ajiye, saboda duka biyun suna hana rauni warkewa. A gida a tanadi kujera mai tsayi da masai na zama, don tsugunno da zaman tabarma ba za su yiwu ba na wani lokaci, sallah ma a kan kujera za a riƙa yi har likita ya ba da izini.

Yanzu ga gargaɗi, a saurara da kyau. Kar a yi tsaga, ko ƙaho, ko sakiya a kusa da gaɓar da za a yi wa aiki. Ƙwayar cuta idan ta kama gaɓar ƙarfe, wani lokaci sai an sake buɗewa an cire ta. Allurar rage ciwo da ake yi cikin gaɓa ma, a sanar da likitan tiyata, domin yin ta cikin wata 3 kafin aiki yana ƙara wannan haɗari. Idan ana atisaye, ɗan tsamin jiki ba laifi ba ne. Amma ciwo mai suka, ko kumburin da ya kwana bai sauka ba, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, a dakata a nemi likita. Masu sikila su sha ruwa sosai, kuma kar su fara sai likitansu ya faɗa musu nauyin da ƙafar za ta iya ɗauka. Wanda kuwa ya faɗi ya karye a kwatangwalo, wannan maganar ba tasa ba ce, a garzaya da shi asibiti nan take.

To jama'a, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Idan an sa muku rana, ko ana kan haɗa kuɗin, a komawarku asibiti ta gaba ku ce wa likita ya haɗa ku da sashen gashin ƙashi, kuma ku tafi da wanda zai yi jinya, shi ma ya koya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.