Akidikin, Idon Bishop: Jawabi ga Dattawan Batsari da Safana



An roƙe mu mu yi bayani a kan muƙamin akidikin, wato babban dikin, wanda 'yan'uwanmu na Angilikan suke da shi. Tushensa yana cikin Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, domin rabon abinci ga gwauraye. Da ikilisiya ta yaɗu, sai shugaban dikinoni ya zama mai riƙon baitulmali da zagaya ikilisiyoyi a madadin bishop. Shi ya sa mutanen dā suka yi masa laƙabi da idon bishop.

Inda hanya ta yi wuya, nan aikinsa ya fi nauyi. Ku dubi tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ayalan. A ƙarni na 12 an haɗa shi da tsibiran yammacin Sikotilan a dayosis guda, ƙarƙashin babban bishop da ke can Nowe, tafiyar kwanaki a teku. Bishop ba ya iya taka kowane tsibiri, sai akidikin ya duba rufin majami'a, da halin firist, da kayan ikilisiya. Har yau muƙamin yana nan a Man.

A ƙasarmu ma da ruwa aka fara. Dandeson Crowther, ɗan Bishop Samuel Ajayi Crowther, ya zama akidikin a 1876, ya yi ta aiki a tsibirin Boni da rafukan Neja Delta har tsufansa. Mu nan sai a 1990 aka kafa Dayosis na Katsina, ɗaya daga cikin guda takwas da aka buɗe a Arewa a shekarar, James Kwasu ne bishop na fari.

Mu ba mu da teku, amma muna da dajin Rugu. Tun harin Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, da ire-irensa, iyalai da yawa, Musulmi da Kirista, suka bar gonakinsu. Ikilisiyar da ba ta kai mutum talatin ba, in gida uku suka tashi, ta watse ke nan, kuma babu mai labari a Katsina sai in wani ya je ya gani. A ganinmu, muƙamin da ya koma riga da kujerar gaba ranar taro ya bar asalinsa. Wannan magana ta shafi shugabannin gunduma na ECWA da na sauran ɗariku, ko da suna ya bambanta.

Amma ido ba ya aiki a duhu, dattawa. Muna roƙon kowace ikilisiya ta rubuta sunayen waɗanda suka yi hijira da garin da suka sauka, ta ware gwauraye da marayu, ta kuma kai littafin baftisma da takardar filin majami'a wurin da wuta ba za ta ci su ba. A miƙa wa sakatare kafin damina ta tare hanya.